Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Rubuta Tarihin Jami'an Tsaron Yammacin Amurka Da Hausa

Zuwa ga 'yan'uwanmu masu fassara, da masu rubuta tarihin mutane a Wikipedia ta Hausa, da masu ba da labarin tarihi a rediyo da YouTube,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, muna yi muku barka da ƙoƙari. Kawo tarihin duniya cikin harshenmu ba ƙaramin aiki ba ne, Allah ya saka muku da alheri. Wani ɓangare guda na wannan aiki ne ya sa muka ɗauki alƙalami, wato labarin jami'an tsaron da suka yi zamani a garuruwan bakin daji na yammacin Amurka daga wajen 1865 zuwa ƙarshen ƙarnin, mutanen da iyayenmu suka fara jin sunansu a finafinan kaboyi na gidajen silma. Wyatt Earp, Wild Bill Hickok, Pat Garrett, Bat Masterson, da ire-irensu. Roƙonmu shi ne kada ku ɗauki littafin rayuwar ɗayansu ku juya shi Hausa kai tsaye, sai kun bincika wa ya rubuta shi, a wace shekara, kuma wa ke tsaye a kansa yana rubutawa.

Bahaushe ya san bambancin kirari da shaida. In maroƙi ya wasa basarake, duk wanda ke wurin ya san wasawa ce, ba wanda zai ɗauka ya kai gaban alƙali. Yawancin littattafan da suka gina sunan waɗannan mutane kirari ne, amma an ɗinka masa rigar shaida, da kwanan wata da sunayen garuruwa da maganganu a tsakanin baka biyu. In kuka fassara shi a haka, mai karatun Hausa ba shi da hanyar ganewa, domin galibi rubutunku ne kaɗai zai samu a kan maganar.

Mu fara da Wyatt Earp, don a kansa ne abin ya fi fitowa fili. An haife shi a 1848 a jihar Illinois, ya rasu a Los Angeles ranar 13 ga Janairu, 1929, yana da shekara 80. Lokacin da ya rasu, ba a matsayin gwarzon kare doka yawancin Amurkawa suka san shi ba. Abin da aka fi tunawa da shi shi ne alƙalancin damben da ya yi a San Francisco a Disambar 1896 tsakanin Bob Fitzsimmons da Tom Sharkey, inda ya ba Sharkey nasara da hujjar an yi masa bugun da ya saɓa ƙa'ida, jama'a da jaridu kuwa suka ce an sayi wasan ne. Shekara biyu bayan rasuwarsa, a 1931, wani marubuci mai suna Stuart Lake ya fitar da littafin Wyatt Earp: Frontier Marshal. Daga wannan littafi ɗaya aka samo mutumin da duniya ta sani yau: dogo, mai shiru, marar tsoro, wanda ya bi garuruwan Kansas da Arizona ɗaya bayan ɗaya yana share su daga 'yan ta'adda.

Abu na farko da za ku lura da shi in kun buɗe littafin shi ne dogayen jawabai da aka sa a bakin Earp, shafi bayan shafi, yana bayanin yadda ake zare bindiga da yadda ake fuskantar taron 'yan iska. Lake ya gana da tsohon ne 'yan lokuta kaɗan a ƙarshen rayuwarsa, kuma daga baya shi da kansa ya amsa a wasiƙa cewa Earp ba mai yawan magana ba ne, shi ne ya tsara kalaman ya jingina masa. Saboda haka duk inda kuka ci karo da "Earp ya ce", ku nemi asalin maganar. In daga littafin 1931 ta fito, ku rubuta "Lake ya ruwaito cewa", kada ku sa ta a baka biyu kamar daga bakin mai ita kuka ji. Malamanmu na hadisi sun daɗe da koya mana cewa ba a karɓar matani sai an duba isnadi. Wannan ƙa'ida ita ce dai ake buƙata a nan.

Abu na biyu shi ne abin da aka cire. Matar Earp ta ƙarshe, Josephine Marcus, tana raye lokacin da ake rubutun, ta matsa wa Lake da kamfanin buga littafin lamba don kada a taɓo abin da ba ta so. Shi ya sa ba za ku ji labarin Mattie Blaylock a ciki ba, matar da Earp ya zo da ita garin Tombstone na Arizona ya kuma bar ta, wadda ta mutu a 1888 sakamakon shan maganin da ake haɗawa da ofiyom fiye da ƙima. Haka nan littafin bai gaya muku cewa a 1871 an kama Earp da tuhumar satar dawaki a yankin Indiyawan Amurka ba, aka tsare shi a Van Buren ta jihar Arkansas, ya gudu daga kurkuku kafin a yi shari'a. Bai faɗi cewa a 1872 an kama shi a gidan karuwai a Peoria an ci shi tara ba. Waɗannan duk suna cikin takardun kotu da jaridun lokacin, masu bincike na baya ne suka tono su. A Wichita ma, inda littafin ya nuna shi kamar shi ke riƙe da garin, ɗan sanda ne a ƙarƙashin Mike Meagher, kuma a 1876 ya rasa aikin bayan ya doki wani ɗan takarar da ke neman kujerar maigidansa.

Abu na uku shi ne abin da aka ƙara. Lake ya ce a 1873, a garin Ellsworth, bayan an harbe sherif Chauncey Whitney, Earp ya fito shi kaɗai ya karɓe bindiga daga hannun shahararren ɗan bindiga Ben Thompson. Kisan Whitney ya faru, jaridu sun buga, kotu ta rubuta, amma sunan Earp bai fito a ko ɗaya ba. Sai kuma maganar doguwar libarba. Littafin ya ce marubucin labaran kwabo-kwabo Ned Buntline ya sa kamfanin Colt ya ƙera bindigogi biyar masu bututu inci 12, ya raba wa jami'an tsaron Dodge City, har da Earp. An bincika kundin kamfanin ba a ga wannan oda ba. Amma da shirin talabijin na Earp ya karɓu a Amurka tsakanin 1955 da 1961, sai Colt ya fara ƙera bindiga mai wannan suna a 1957 yana sayarwa. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to wannan kam ta haifi ƙarfe, kuma hoton wannan ƙarfe na iya faɗo muku a intanet ku ɗauka hujja ce. Ku duba shekarar da aka ƙera abu kafin ku liƙa hotonsa a tarihin 1878.

Akwai kuskuren da ya fi sauƙin aukuwa wajen fassara, wato batun muƙami. Muƙamai uku ne daban, kuma in aka cuɗanya su labarin Tombstone ba zai fahimtu ba. Akwai mashal na gari, wanda shi ne shugaban 'yan sandan cikin gari, ikonsa bai wuce iyakar garin ba. Akwai sherif na gunduma, wanda a ƙa'ida zaɓensa ake yi, yana kula da kurkuku, yana kuma karɓar haraji. Akwai mashal na tarayya, wanda shugaban ƙasa ke naɗawa, shi kuma ya naɗa mataimaka, aikinsu laifukan da suka shafi gwamnatin tarayya kamar fashin jakar wasiƙu. Earp mataimakin mashal na gari ne a Dodge City. A Arizona ya yi 'yan watanni a 1880 yana mataimakin sherif na gundumar Pima. Ranar faɗan da ya yi suna da shi, ba shi ne shugaba ba. Yayansa Virgil ne mashal na garin Tombstone kuma mataimakin mashal na tarayya, shi ya kira ƙannensa Wyatt da Morgan da abokinsu Doc Holliday su rufa masa baya. In kuka rubuta "sherif Wyatt Earp" kun ba shi kujerar da ya nema bai samu ba. Kujera ce mai maiƙo kuwa, domin a sabuwar gundumar Cochise da aka ƙirƙira a 1881, mai arzikin ma'adinin azurfa, sherif na riƙe kashi 10 cikin ɗari na harajin da ya tara. John Behan ne ya samu, kuma gabar da ke tsakaninsa da Earp na da tushe a nan.

Ga yadda faɗan ya kasance tsakanin su Earp da 'yan gidan Clanton da na McLaury, gwargwadon abin da shaidu suka yi tarayya a kai. Ranar 26 ga Oktoba, 1881 ne, da rana. Ba a cikin bargar dawakin O.K. aka yi shi ba, duk da cewa da sunanta ake kiran faɗan. A wani ƙuntataccen fili ne a titin Fremont, jikin gidan mai ɗaukar hoto C. S. Fly, faɗinsa bai wuce ƙafa 20 ba. Mutanen sun tsaya kusa da juna har suna iya ganin ƙwayar idon juna. An yi harbi kusan 30 a cikin kamar rabin minti. Billy Clanton da 'yan'uwan nan biyu, Tom da Frank McLaury, suka mutu. Virgil da Morgan sun ji rauni, harsashi ya gogi Holliday, Wyatt ko ƙwarzane bai samu ba. Ike Clanton, wanda ya kwana yana shan giya yana barazana, ba shi da makami a lokacin, ya gudu. Dalilin zuwan nasu kuwa dokar gari ce da ta hana yawo da makami a cikin Tombstone. Kafin faɗan a ranar ma Virgil ya maka wa Ike bindiga a ka, ya ƙwace makamansa, ya kai shi kotu aka ci shi tarar dala 25.

Daga nan ruwaya ta rabu biyu, kuma wajibi ne ku kawo duka. Jaridu biyu ne a garin. Epitaph ta John Clum ce, magajin garin, ɗan jam'iyyar Rifablikan, mai goyon bayan gidan Earp. Nugget ta karkata ga 'yan Dimokurat da sherif Behan. Ɓangare ɗaya ya ce an umarci mutanen su ɗaga hannu suka zaro bindiga. Ɗaya ɓangaren ya ce suna ɗaga hannu aka buɗe musu wuta, kuma Tom McLaury ba ya ɗauke da komai. An ajiye gawarwakin uku a tagar mai shirya jana'iza da rubutu a sama mai cewa kisan gilla aka yi musu a titunan Tombstone, jama'a masu yawa kuma suka raka su makabarta. Alƙali Wells Spicer ya yi kusan wata guda yana sauraron shaidu, a ƙarshen Nuwamba ya ce babu hujjar da ta isa a gurfanar da su Earp, amma a cikin hukuncin ya soki Virgil a kan kiran Wyatt da Holliday, alhali an san suna da rikici da mutanen. Wanda ya karanta Lake kaɗai ba zai san cewa garin ya rabu biyu a kan wannan rana ba.

Abin da ya biyo baya ya fi nauyi. An yi wa Virgil kwanton ɓauna a ƙarshen Disamba, hannunsa na hagu ya mutu. An harbe Morgan ta taga ranar 18 ga Maris, 1882. Wyatt, wanda a lokacin ya samu muƙamin mataimakin mashal na tarayya, ya tara mutanensa, kwana biyu bayan haka suka kashe Frank Stilwell, wanda suke zargi da hannu a kisan Morgan, a tashar jirgin ƙasa ta Tucson, suka ci gaba da farautar sauran waɗanda suke zargi. Kotu ta ba da sammacin kama shi da laifin kisa. Sai ga ayari biyu a dajin Arizona, kowanne da bajen hukuma a ƙirji, na Earp na neman fansa, na Behan na neman Earp. Ya bar yankin a Afrilu, ba a taɓa yi masa shari'a a kai ba. A ganinmu wannan ɗaukar fansa ce da rigar hukuma, kuma da sunanta ya kamata ku kira ta, ko da kun tausaya masa a kan jinin ƙaninsa, wanda mu ma muna tausayawa.

Wata kalma kuma da muke so ku kula da ita sosai. A jaridun gundumar Cochise na 1881, kalmar da muka ara muka mayar "kaboyi" ba ta nufin duk mai kiwon shanu. Suna ne da ake kiran gungun ɓarayin shanu da masu fasa-ƙwauri a kan iyakar Meziko. In kuka fassara ta da "makiyaya", kun shafa wa masu sana'a duka laifin tsiraru, kuma kun san nauyin da wannan kalma ke ɗauke da shi a ƙasarmu yau. Ku ce ɓarayin shanu inda ake nufin ɓarayi, ku ce masu kiwo inda ake nufin masu kiwo.

Kada kuma ku zaci mafita ita ce a koma ga littattafan da suka yi wa Earp kaca-kaca. A 1960 Frank Waters ya fitar da littafi da ya ce labarin Allie ne, matar Virgil, inda aka mayar da Wyatt ɗan damfara zalla. Da masu bincike suka gwada shi da rubutunsa na farko, suka tarar da munanan zarge-zarge da yawa ba sa cikin abin da matar ta faɗa tun asali. A 1976 Glenn Boyer ya fitar da wanda ya ce tarihin Josephine ne da bakinta, kamfanin buga littattafai na Jami'ar Arizona ya buga shi, aka yi shekaru ana kafa hujja da shi, har aka gano an cusa abubuwan da ba su da asali. A 2000 jami'ar ta daina buga shi. Hoton macen da ke bangonsa ma ba Josephine ba ce, hoton kasuwa ne na 1914, amma har gobe yana yawo da sunanta. Tambarin jami'a a bangon littafi bai ɗauke muku aikin bincike ba.

Sauran ma haka abin yake, sai dai mu taƙaita. Sunan Hickok ya fito ne daga wata maƙala da George Ward Nichols ya buga a mujallar Harper's a Fabrairun 1867, wadda ta ce shi kaɗai ya gama da mutum goma na gungun McCanles da bindiga da wuƙa. Abin da ya faru a tashar Rock Creek ta Nebraska a Yulin 1861 rikici ne a kan kuɗin sayen tashar da ba a biya ba, mutum uku suka mutu, kuma ba Hickok kaɗai ne a gidan ba. Lokacin da yake mashal na Abilene a 1871, a daren da ya harbe Phil Coe, ya juya ya harbe abokinsa Mike Williams da ya rugo don taimaka masa. Mai kirari ba ya son tsayawa a wannan dare. Pat Garrett kuwa, wanda ya kashe Billy the Kid a Fort Sumner ranar 14 ga Yuli, 1881, a cikin ɗaki mai duhu, ya fitar da littafi a 1882 don kare kansa daga masu cewa bai ba yaron dama ba. Abokinsa ɗan jarida Ash Upson ne ya rubuta kaso mai yawa, musamman labarin ƙuruciyar Billy, wanda yawancinsa shaci-faɗi ne. Ku lura da dabarar: gwargwadon yadda aka kumbura ɗan ta'adda, gwargwadon girman wanda ya kashe shi. Ana cewa Billy ya kashe mutum 21, ɗaya a kowace shekarar rayuwarsa, amma abin da masu bincike suka iya tabbatarwa bai kai goma ba.

Tun da mun zo kan lissafi, ga ma'auni da zai taimaka muku. Masanin tarihi Robert Dykstra ya bi jaridun garuruwan cinikin shanu biyar na Kansas, wato Abilene da Ellsworth da Wichita da Dodge City da Caldwell, ya ƙirga kisa 45 tsakanin 1870 da 1885. Garuruwan ƙanana ne, don haka adadin ba kaɗan ba ne in aka gwada da yawan mazauna, amma ya yi nisa da gawa a kowace safiya. Aikin yau da gobe na ɗan sandan irin wannan gari shi ne kama mashaya, da karɓar tara daga gidajen caca da na karuwai, da ƙwace bindigogin baƙi, da harbin karnuka marasa masu su. Duk littafin da ya ce mutum ɗaya ya kashe talatin ko ɗari a bakin aiki, ku ajiye wannan adadi a gefensa. Fim kuwa kada ya shiga hujjarku sam. A fim ɗin John Ford na 1946, wanda aka gina a kan littafin Lake, Doc Holliday ya mutu a wurin faɗan, alhali tarin fuka ne ya kashe shi a Colorado a Nuwamban 1887.

A aikace, ga abin da muke ba da shawara. Kowace jimla da za ku rubuta, ku tambayi kanku shekarar da aka fara faɗin ta. Abin da ke cikin kundin kotu ko jaridar makon da abin ya faru, ku rubuta shi kai tsaye, amma ku faɗi ɓangaren da jaridar ta karkata. Abin da wani ya tuno bayan shekara arba'in, ku jingina masa da sunansa da shekarar. Misali yabon da Bat Masterson ya yi wa Earp a mujalla a 1907 yabon aboki ne kuma tsohon abokin aiki. Abin da bai bayyana ba sai bayan mutuwar mai shi, ku ware masa sashe daban mai taken yadda labarinsa ya yaɗu, domin shi ma tarihi ne mai amfani in an sa shi a muhallinsa. In littattafai biyar sun faɗi abu ɗaya, ku duba ko duka daga Lake suka kwaso. Ruwaya ɗaya ce aka maimaita sau biyar.

Roƙonmu na ƙarshe a kan wanda bai samu marubuci ba ne a zamaninsa. Bass Reeves baƙar fata ne, an haife shi cikin bauta a 1838. Daga 1875 ya zama mataimakin mashal na tarayya a ƙarƙashin alƙali Isaac Parker na Fort Smith, ya yi shekara 32 yana aiki a yankin Indiyawa, ya iya harsunansu, bai iya karatu ba, sai a karanta masa sammaci ya haddace sunaye. A 1902 ɗansa Bennie ya kashe matar da yake aure, Reeves ya karɓi sammacin ya je ya kamo shi da kansa. Ya rasu a Muskogee a Janairun 1910. Shekarunsa a bakin aiki sun ninka na Earp sau da yawa, amma cikakken bincike a kansa bai fito ba sai a 2006, daga Art Burton. Muna son a rubuta shi da Hausa, mu kuma ga an yi masa adalcin da muka nema wa sauran. Adadin kama mutum 3,000 da ake faɗi daga jaridun ƙarshen rayuwarsa ya fito, ku jingina shi gare su. Maganar cewa shi ne asalin wani jarumin rediyo da talabijin mai rufe fuska hasashe ce, babu takardar da ta tabbatar, ku rubuta ta a matsayin hasashe. A 1887 an gurfanar da shi a kotun Parker a kan harbe mai dafa wa ayarinsa abinci, ya ce kuskure ne, masu taya alƙali shari'a suka wanke shi. Wannan ma ku sa shi a ciki.

Allah ya ƙara basira, ya yi wa alƙalumanku albarka. Wassalamu alaikum.

Naku,
Wasu masu nazarin tarihin Amurka